Wa Zai Riƙe Sandar Barau?

Ku rage surutu ku matso. Yau shari'a na kawo muku, kuma ni kaina ta tsaya mini a wuya.

A wani gari na bakin fadama an yi wani maɗinkin hula, Barau. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, tun da wani mai yawo gari-gari ya soke shi da allura wai zai kawar masa da yana. Da na daman yake ci da iyalinsa, shi ma ga yana ta rufe shi, har zare ya daina shiga masa allura. Ana nan sai kamfanin casar shinkafa na yankin ya kawo likitoci, aikin ido kyauta.

Barau ya rantse ba mai sake kai ƙarfe fuskarsa. Matarsa Lantana ta kife tukunya ta ce, "Malam, ni da abinci sai ka je." Ya ɗauka wasa ne. Da ya ji muryarta ta fara rawa don yunwa, ya sauko.

Ranar tafiya ruwa ya cinye hanya, babur ya ƙi ƙetarewa. Ƙanensa Gambo ya goya shi, ya ratsa da shi ruwa har ƙirji.

Suka isa likitoci na naɗe kaya. Sambo, abokin Barau na ƙuruciya, ma'aikacin kamfanin ne. Shi ya tare ƙofar mota yana magiya, har likita ya sake buɗe akwatinsa.

Aka yi aiki, Barau ya gani! Ya ga furfurar da ta fito wa Lantana bai sani ba, ya yi kuka. Likita ya ɗaura masa murfi a idon, ya ce kada a cire shi a waje, kada komai ya shiga idon sai maganin ɗigawa, in ya yi ciwo a garzayo birni a ranar.

To, nan fa ɗan Adam ya nuna halinsa.

Ba a rufa mako ba kamfani ya shirya biki a harabar injin, manya za su ɗauki hoto da waɗanda suka warke. Sambo ya zo ya tafi da abokinsa. Mai hoto ya ce murfin nan na ɓata fuska. Sambo ya ce, "Haba Barau, ƙiftawar ido ce kawai," ya cire da hannunsa. Inji kuwa bai tsaya don biki ba. Iska ta kwaso ƙaiƙayi ta zuba wa Barau a ido.

Ya dawo gida ido na zuba. Lantana ta yi abin da uwarta ke yi musu suna yara, ta buɗe idon ta lashe ƙaiƙayin da harshe, ta bi da kwalli don ya huce. Wallahi ƙauna ce ta sa ta, amma kwalli a kan ɗanyen ɗinki!

Washegari ido ya kumbura kamar ƙwan agwagwa. Barau ya ce, "Gambo, kai ni birni." Gambo ya ce, "Yaya, shinkafa ta nuna, tsuntsaye na ci. Bari mu gama yanka, gobe." Goben nan ta yi ta ja. Da suka isa, likita ya duba ya girgiza kai, ya ce da a ranar aka zo da an ceto shi.

Yanzu hoton Barau na nan kafe a ƙofar kamfanin, ido buɗe tar, yana dariya. Masu wucewa ke ba shi labarin yadda ya yi kyau. Ba abin da ke ci masa rai kamar wannan.

Ya tara su ukun, ya ajiye sanda a tsakaninsu, ya ce, "Ban tsine wa kowa ba. Amma wanda ya kashe mini idon nan, shi zai riƙe bakin sandar nan ya ja ni har in mutu."

Lantana ta ce ba don ita ba da bai je ba. Gambo ya ce ba don bayansa ba da bai isa ba. Sambo ya ce ba don shi ba da likita bai yi aikin idon ba. Kowa gaskiya ya faɗa, sanda kuwa tana nan a ƙasa, Barau na zaune cikin duhu yana jira.

To jama'a, wanda ya cire murfi, da wadda ta sa kwalli, da wanda ya ce gobe, wa ya cancanci ya sunkuya ya ɗauki sandar nan?