Wasan da ke Cikin Sitiyari

An ce a wani gari na gefen fadama an yi wani Sarkin Noma mai suna Nomau, wanda ke da wata tsohuwar a-kori-kura. Shekara ashirin da uku yana kai tumatir da albasa kasuwa da ita, kuma duk garin an san ba mai iya tuƙa ta sai shi. Da ganinsa ya fara raguwa, sai ya miƙa wa babban ɗansa Cindo makulli. Cindo kuwa direba ne na gaske, magidanci mai 'ya'ya huɗu, amma a fitarsa ta farko motar ta ƙwace masa ta faɗa kwalbati. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Sai dai da yamma a majalisa, gaban kowa, uban ya buɗe baki ya ce, "Yaron nan bai iya tuƙi ba." Cindo ya tashi ya bar majalisar. Ya shiga gida ya ɗaure kaya, ya ce ran Asabar zai kwashe iyalinsa ya tafi kudu neman wata motar.

Ran Alhamis Nomau ya kai motar garejin Mantau, tsohon makaniki, ɗan kawunsa kuma taubashinsa. Tafiyar ɗan nan tana cin sa a rai, abinci ma ya daina yi masa daɗi, amma girman kai ya hana shi faɗa. Ya ce fitila da bamba kawai za a gyara.

Mantau ya shiga ya murza sitiyari, ya ga ya tafi faɗin yatsa huɗu kafin tayoyi su motsa. Ya leƙa ƙarƙashi, ya tarar gaɓar da ke ƙasan sandar sitiyarin ta cinye, sai rawa take yi.

Ya ce, "Bawana, sitiyarinka yana wasa."

Nomau ya ce, "To ai wasa ne, da bakinka ka faɗa. Shekara goma muna wasan nan da shi, bai taɓa kā da ni ba."

Mantau ya goge hannu ya zauna a kan wata tsohuwar taya. "Wasa tsakanina da kai ne, gadonsa muka yi. Tsakanin sitiyari da taya kuwa babu shi. Tsorona kada abin da ya sami Dogara mai fito ya same ka."

"Me ya sami Dogara mai fito?"

Mantau ya ce, "Dogara yana da wani kwalekwale da bakinsa ya karkace, kullum hagu yake ja. Hannun Dogara ya saba, yana tuƙi yana gyarawa, har shi kansa ya manta da karkatar. Duk wanda ya karɓa sai jirgin ya yi ta juyi da shi tsakiyar gulbi, mutane na dariya, Dogara na shafa gemu. Ran nan matarsa Lantana ta ce, 'Maigida, ka sa a gyara jirgin nan kafin ɗanmu Jatau ya karɓa, kada ka zama Tabawa mai tsani.' Ya ce, 'Wace ce kuma Tabawa mai tsani?'

"Lantana ta ce, 'Wata tsohuwa ce a garinmu. Tsanin rumbunta mataki na uku yana rawa, ita kaɗai ta san a tsallake shi. An yi an yi ta bari a ɗaure, ta ce a ƙyale mata kayanta. Don haka ba mai ɗebo hatsi a gidan sai ita, kowa sai ya jira ta. Da ciwon gwiwa ya kwantar da ita, yara suka wuni ba a dafa komai ba, matar ɗanta ta hau, matakin ya zame, ta karye a hannu. Aka yi ta cewa yarinyar ce ba ta da natsuwa. Tabawa tana kwance tana ji, ta san gaskiya, ta yi shiru. Ka ga, maigida, ba tsanin take so ba. So take a riƙa cewa sai ita.'

"Dogara ya yi dariya ya ce zancen mata ne. Da damina ta yi nisa Jatau ya karɓi jirgin, ya ɗauko gishirin fatake, jirgin ya juya ya kife. Ba a rasa rai ba, amma aka sa masa waƙa a bakin gulbi, uban kuma bai fito ya ce laifin jirgi ne ba. Jatau ya bar garin. Dogara ya tsufa ana cewa ba gwani kamarsa, amma ba wanda zai miƙa wa sandar tuƙi. To, bawana, yabon nan shi ya rage masa, kuma ban ji an ce yabon ya taɓa kawo masa ruwan alwala ba."

Nomau ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Mantau, na san da wasan nan. Ran da na ba Cindo makulli na so in gaya masa, sai bakina ya yi nauyi. Gona yara sun karɓa, awo sun karɓa. Motar nan kaɗai ta rage da ake cewa sai ni."

Mantau bai tsokane shi ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun suna yara. Ya ce, "In kwance?"

"Kwance ta."

Mantau ya daidaita tayoyi, ya ɗaure sitiyari da igiya don kada ya juya, ya sa alama da alli. Noti ɗaya ya yi tsatsa, sai da aka jiƙa shi da baƙin mai aka yi ta lallashi kafin ya saki. Ya zare tsohuwar sandar, ya zura wata mai lafiya, ya ɗaure tamau. Kafin la'asar an gama.

Nomau ya shiga don ya gwada. Yana fita ƙofar gareji hannunsa ya murza yadda ya saba, yatsa huɗu, sai motar ta amsa nan take, ta nufi teburin mai rake. Ya taka birki da ƙarfi, mai rake ya yi tsalle gefe yana salati. Tsohon ya zauna yana haki, can sai ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa.

Ya fito ya miƙa wa Mantau makulli. "Riƙe. Yanzu duk garin nan kowa zai iya tuƙa ta, ban da ni."

"To ina za ka a ƙasa?"

"Majalisa. Aika a kira mini Cindo ya same ni can, a ce ubansa ne ke roƙo. A gaban mutane na faɗi maganar, a gabansu zan janye ta."

Ya gyara hula, ya kama hanya yana sauri, don ya isa kafin a watse.