Yadda Aku Ta Daina Yi Wa Babanta Surutu

Akwai wani kafinta mai hannu, wanda in ya haɗa maka kujera sai dai ka gaji da ita, ita ba za ta gaji da kai ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya son a ce wani ya fi shi.

Allah ya ba shi 'ya guda, yarinya mai surutu kamar ta haɗiyi rediyo. Tun tana koyon magana ake kiranta Aku, har sunanta na gaskiya ya ɓace a gidan.

In ya dawo daga shago, tun daga bakin ƙofa take tare shi.

"Baba, me ya sa zarto yake da haƙora amma ba ya cin abinci?"

Shi kuwa sai ya yi ta dariya, ya ɗauke ta ya ɗora a wuya.

Da lokacin sa ta a makaranta ya yi, matarsa ta ce, "Baban Aku, ga makarantar bayan layinmu. Malamar ajin farko tana da haƙuri da yara, kuma da ƙafa zan riƙa kai ta."

Ya taɓe baki. "Wannan mai rufin yoyo? Allah ya kiyaye."

Akwai wata babbar makaranta a cikin gari, mai dogon gini da motar ɗaukar yara, inda ya taɓa zuwa gyaran ƙofofi. Tun ranar ya ƙwallafa rai. Ya ma riga ya cika baki a gaban abokan aikinsa cewa can Aku za ta shiga.

Ana cikin haka malamar bayan layi ta zo gidan da kanta, tana bi gida-gida tana rubuta sunayen yaran da suka isa shiga aji. Kafinta ya tare ta a ƙofa.

"Malama, mun gode. Amma lalacewar tamu ba ta kai nan ba."

Matar ta dube shi, ta ce, "Allah ya raya ta," ta wuce gida na gaba.

Ya je babbar makaranta ya karɓo takardar neman gurbi, ya cike, ya manna hoton yarinya. Ma'aikacin ofis ya shaida masa cewa masu nema sun fi gurbin yawa, don haka za a yi wa kowane yaro tambayoyi da Turanci.

Daga ranar gidan ya canza. Kowace yamma sai ya tsayar da Aku a tsakiyar ɗaki, hannuwa a baya, shi yana zaune da wani siririn katako a hannu.

"Faɗi sunanki."

"Baba, ai ka san sunana!" ta ce tana ƙyalƙyala dariya.

Ranar farko shi ma ya yi dariya. Kashegari kuwa katakon ya sauka a ƙafarta. In ta manta launi, katako. In ta tsallake lamba, katako. In ta jefo masa irin tambayoyin nan nata, sai ya daka mata tsawa: "Ba ke ke tambaya ba, ke ake tambaya!"

Uwar ta kasa jurewa. "Don Allah ka sassauta mata. Yarinyar nan ko famfarar haƙori ba ta fara ba."

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji shi.

"Kai ne kafinta. Ka fi ni sanin abin da ke faruwa in aka matsa masa da yawa."

Bai saurare ta ba. Ya ga Aku ta haddace komai, ya ɗauka aiki ya yi kyau. Bai lura ta daina tare shi a ƙofa ba.

Ranar tambayoyi ya sa mata sabon takalmi, suka tafi. Wata mata mai fara'a ce ta karɓe su. Ta durƙusa daidai tsayin yarinyar, ta nuna mata jar ƙwallo, ta tambaye ta launinta cikin lallashi.

Aku ba ta dubi ƙwallon ba. Hannun babanta take kallo.

Matar ta sake tambaya. Shiru. Ta roƙi kafinta ya ɗan fita waje, ko za ta saki jiki. Yana tsaye a baranda, kunnensa a jikin ƙofa, bai ji ko tari ba.

Da matar ta fito da ita, sai ta ce masa a hankali, "Malam, 'yarka ta san amsa, na ga leɓenta yana motsi. Tsoro ne ya hana ta. Amma yara da yawa suna jira, ba zan iya rubuta abin da ban ji ba."

Ba a ɗauke ta ba.

A shago abokan aikinsa suka samu abin yi. "Maigida, yaushe motar makarantar za ta fara tsayawa a ƙofarka? Mu ma a rage mana hanya." Ya bi wasu makarantun, kowace ta ce an rufe ɗauka.

Ƙarshe matarsa ce ta yafa mayafi ta je wajen malamar bayan layi, don shi kunya ba ta bar shi ba. Malamar ta ce, "Aji ya cika. Amma yarinya ba ta yi mini komai ba. Kawo ta, ta zauna kusa da ni."

Bayan wani lokaci, wata safiya ya bi ta bayan makarantar ɗauke da katako a kafaɗa. Ta taga ya jiyo wata murya da ya daɗe bai ji ba.

"Malama, in alli ya ƙare, ina yake tafiya?"

Ya tsaya cak. Ashe surutun yana nan.

Da yamma ya sassaƙa wa Aku 'yar mota, ya goge ta sumul, ya shigo gida da murna. Ya same ta tana ba uwarta labari har da tafa hannu. Tana ganinsa ta yi tsit.

Ya durƙusa a gabanta, ya miƙa mata motar. "Aku ta Baba, yaya makaranta?"

Yarinyar ta miƙe zumbur, ta mai da hannuwa baya, ta sunkuyar da kai. Ta faɗi sunanta da shekarunta da Turanci, ba kuskure ko ɗaya. Sannan ta tsaya tana jiran tambaya ta gaba.

Kafinta ya ajiye motar a ƙasa, ya fita ƙofar gida ya zauna. Har aka kira shi cin abinci bai shigo ba.

Darasi: Kada ka mai da ɗanka tsanin da za ka hau don mutane su gan ka. Gurbin makaranta in ya wuce bana, ana samun wani baɗi, amma yaron da ya fara tsoron iyayensa ba a san ranar da zai sake sakin jiki da su ba. In ka san masu neman wa ɗansu makaranta, tura musu wannan kafin su ɗauki bulala.