Keken Riskuwa a Cikin Yashi

Akwai wani manomin albasa mai suna Riskuwa, a wani ƙauye da ke tsallaken gulbin Argungu, zamanin muna cikin Jihar Sakkwato. Wata damina ya ɗaura buhu a keke ya nufi kasuwa, bai sake dawowa ba.

Matarsa Ma'u ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Amininsa Dikko, mai fito da kwalekwale, shi ya ba da shaida.

"Ni niƙ ƙetare da shi, ranka ya daɗe. Da idona nig ga ya hau mota, da kekenai, da wata mace. Yac ce kar a biɗe shi."

Nan aka rufe bincike. Wa zai ƙaryata amini?

Ma'u ta yi kuka har ta gaji, kukan ya koma ƙiyayya. Ba takaba, ba sadaka. Ko sunansa aka ambata sai ta ja Allah ya isa. Ta ma hana 'yarsu Balaraba yi masa addu'a. Dikko kuwa duk kaka sai ya aiko musu da shinkafa, har shi ya yi wa Balaraba walicci.

Shekaru suka ja. Sai aka yi farin nan da gulbi ya ƙafe ƙaf. Masu haƙa rijiyar ban ruwa suka tono keke mai tsatsa da ƙasusuwan mutum, daidai mashigin Dikko.

Balaraba ta taka har Birnin Kebbi, ta nace sai an sake bincike. Wani jami'i, Abdussamadu, ya tara Ma'u da Balaraba da Dikko, ya nuna keken. Ma'u tana gani ta gane shi.

"Malam Dikko," in ji jami'in, "keken da ya hau mota, me ya kai shi ƙarƙashin gulbi?"

Dikko ya sunkuyar da kai.

"Ruwa ya cika rannan, yac ce mu dakata, ni nim matsa. Jirgi yak kife, ni nif fita. Tsoron kurkuku yas sa ni ƙarya."

Wallahi abin da ciwo. Ma'u ta juya ta dube shi.

"Malam Dikko, ruwa ƙaddara na, da ka faɗi da na yafe. Amma macen fa? Mi yas sa kaƙ ƙara mace? Maigidana na kwance cikin yashi yana jiran addu'ata, kai kab bar ni ina tsine mai."

Ranar aka yi wa Riskuwa sallah aka rufe shi. Ma'u ta ɗaga hannu za ta yi masa addu'a, ta rasa ta inda za ta fara.

Darasi: Kuskure yana da gafara, amma ƙaryar da ka rufe shi da ita tana cin mutuncin wanda ba zai iya kare kansa ba. Kada mu yanke wa wanda ya ɓace hukunci da bakin mutum ɗaya. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.