Matar Yarima a Zaman Makokin Uwarta

Akwai wata mata mai suna Wafa', haifaffiyar unguwar Bani Malik a Jidda. Uwarta Mastura, Bahaushiya, tana sayar da kuka da daddawa a kasuwar Bab Makka, da wannan tallan ta karantar da ita har ta zama nas.

A asibiti wani yarima daga wata masarauta ta Arewacin Afirka ya gan ta, ya aure ta. Fada ta gindaya sharaɗi ɗaya: za a ce ita 'yar manyan attajiran Jidda ce, kada a ji zancen talla. Wafa' ta yarda. Ta ce ai na ɗan lokaci ne.

Ɗan lokacin nan sai da ya kai shekara goma sha ɗaya. Mai riƙe mata jaka daban, mai buɗe mata ƙofa daban, amma ko waya ba ta iya yi sai da kunne a kusa. In uwarta ta yi mata Hausa, da Larabci take amsawa, a gajarce.

Wata shekara ta zo umara da ayarin fada. Motarsu ta bi ta Bab Makka, sai ga Mastura ƙarƙashin lema, ta rame, tana kore ƙuda daga kan faranti. Hannun Wafa' har ya kai kan ƙofa, sai Hind, matar da fada ta haɗa ta da ita, ta dube ta.

"Lafiya, ranki ya daɗe?"

"Ba komai. Yalla, mu tafi."

Ta ce a ranta gobe za ta saci jiki ta zo. Washegari aka wuce da su Madina, daga can sai gida.

Bayan wata biyu ƙanwarta Rana ta kira ta. "Yaya, Umma ta rasu. Halas, shi ke nan, har an kai ta."

Sai da Wafa' ta yi kwana biyu tana roƙo kafin fada ta bar ta. Ta iso Bani Malik, ta tarar da falo cike da mata. Aka shimfiɗa mata darduma ta musamman, aka kawo mata shayi. Duk wadda ta shigo sai ta rungume Rana ta yi mata gaisuwa, sannan ta juyo ta ce wa Wafa', "An gode, Allah ya ba da lada."

Wafa' ta ja Rana zuwa kicin. "Me ya sa ba wanda ke yi mini ta'aziyya? Ni ba uwata ba ce?"

Rana ta share hawaye. "Yaya, tun da kika tafi Umma take gaya wa mutane ba ita ta haife ki ba, raino kawai aka ba ta. Har tsofaffin maƙwabta ta bi gida-gida ta roƙe su su rufa. Wai kada magana ta kai fada a wulaƙanta ki. Duk ranar da ta faɗa, in ta dawo ba ta iya cin abinci."

Wafa' ta fito tsakiyar falo tana kuka, ta ce da Hausar da ta yi shekaru ba ta furta ba, "Ni 'yar Mastura ce! Ita ta haife ni!"

Wata tsohuwa ta dafa ta, ta ce, "Mun sani, 'yata. Uwarki ce ta so ta ji wannan tun tana raye."

Darasi: Kada matsayi ya sa ka ji kunyar wadda ta haife ka, kuma kada ka ɗaga gaisuwar iyaye zuwa gobe. In naka suna raye, kira su yau. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya farga da wuri.