Ganyen da Ba a Ba Akuya

Ku matso kusa, wannan labari ba na dariya ba ne, kuma idan na gama ku za ku yanke hukunci.

A wani ƙauyen masu haƙar zinare akwai wata mata, Tasalla. 'Ya'ya uku ta haifa, ta binne biyu a shekara ɗaya. Ciwon iri ɗaya ne: amai, sai fizge-fizge, sai ido ya kakkafe. Sai ga autar, Kuluwa, ita ma ta fara amai. Mutanen gari suka ce iska ce, wasu suka ce maita. Ita dai tsoro ya hana ta ko sauke yarinyar daga baya. Tana da yayye maza uku, Haladu da Mudi da Shafi'u.

Haladu mahaƙi ne, kuma shi ya lura cewa kajin gidajen da ake daka dutsen zinare suna mutuwa wuya a murɗe, na bakin rafi kuwa lafiyarsu ƙalau. Ya tuna turmin da ake daka dutse da safe shi ake daka gero da yamma. Ya ƙulla ƙasar tsakar gidan Tasalla a tsumma, ya saɓi Kuluwa sai asibitin birni. Aka gwada, aka ce gubar dalma ce, tana cikin ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Likita ya ce zai yi magani, amma idan yarinyar ta koma kan wannan ƙasa, aikin banza ne. Haladu ya dawo ya faskara turminsa a gaban jama'a. Abokan sana'arsa suka daina amsa sallamarsa, don sun ce ya taɓa musu hanyar cin abinci.

Mudi direban babbar mota ne. A yawonsa ya ji labarin garin wani farin dutse da ake kira ziyolayit, wanda idan aka cuɗa shi da ƙasa yakan kama gubar ya riƙe ta gam. Kwana tara ya yi a hanya kafin ya samo. Ba wanda ya yarda ya taya shi, kowa na gudun ƙurar. Shi kaɗai ya kankare tsakar gidan Tasalla da lambun baya, ya binne ƙasar da ya kankare nesa da rijiya, ya cuɗa garin da sauran ƙasar. Ƙurar da ya shaƙa ta bar masa rawar hannu, har yau bai sake riƙe sitiyari ba.

Shafi'u manomi ne, mai ƙarancin magana. A lambun ya shuka wata ciyawa mai ganye uku-uku, kuloba, wadda saiwarta ke danne ƙasa kada ta tashi, ganyenta kuma yana zuƙo ragowar gubar. Ya ce kada dabba ta taɓa ta. To, amma ku kun san mu, ba ma iya kallon ɗanyen ganye ya tafi a banza. Rani ya yi tsanani, an sallamo Kuluwa a rame, nonon akuya kaɗai take karɓa, akuyar Tasalla kuwa nononta ya ƙafe don yunwa. Tasalla ta dubi lambun nan shar, ta ce a ranta ganye ai ganye ne. Kwana uku tana yanka tana ba akuya.

Rana ta huɗu nono ya kawo. Ta tatsa, ta zaunar da Kuluwa, ta kai ƙwarya bakinta. Shafi'u, da ya ga sawun lauje a lambu, ya faɗo gidan a guje ya doke ƙwaryar.

"Yaya, ka haukace ne?" in ji Tasalla.

"Ta sha? Tasalla, gaya mini, ta sha?"

"Ba ta sha ba."

Sai a lokacin ta gane abin da ta kusa yi da hannunta, ta fashe da kuka. Shafi'u ya yanka akuyar, ya binne ta da fatarta, mutane na kallo suna zaginsa a kan asarar nama. Ya kawo tasa akuyar daga gona ya ɗaure mata.

Kuluwa ta rayu, ko da yake maganarta ta yi jinkiri. Bayan shekara biyu Tasalla ta haifi namiji. Ranar da ta fara ajiye shi a kan tabarma a tsakar gidan nan, sai da ta riƙe numfashi. Mijinta ya ce sunan ɗaya daga cikin yayyenta za a sa wa yaron, ita za ta zaɓa. Ga su duka uku zaune a zaure: wanda gari ya juya wa baya, da mai rawar hannu, da wanda ya doke ƙwarya. Gobe ne suna, Tasalla kuwa ta rasa wanda za ta zaɓa.

To, ku da kuke zaune nan, sunan wa ya kamata a raɗa wa yaron?