Kasuwar da Ba a Neman Gyara

Wata ranar Alhamis da rana tsaka, a shekarar da fara ta cinye gero tun yana tsaye, maharbi Tunau ya bi sawun barewa har cikin kwarin da ke tsakanin duwatsun gabas. Maroƙa suna yi masa kirari da Tunau na Gude, baƙin ƙarfe, mai kwana inda giwa ta tashi. Amma a wannan shekara nama kaɗai bai riƙe mutanen ƙauyensu ba, yara sun fara kumburi.

A cikin kwarin ya ji guɗa da hayaniya irin ta kasuwa. Ya leƙa, sai ga rumfuna jere a gindin wata babbar kuka, ga hatsi tuli-tuli. Mutanen suna da tsayi, fuskokinsu a rufe, kuma rana tana dukansu amma babu mai inuwa a ƙasa.

Wata tsohuwa mai awo ta yafito shi. Ta karɓi naman da ke ratayensa, ta auna masa gero da ƙwarya, ta shafe bakin ƙwaryar daidai.

Ta ce, "Ɗan nan, duk Alhamis ka kawo nama ka ɗauki awo. Abin da ƙwarya ta ci shi ne naka. Kada ka nemi ƙari."

Haka aka yi ta yi, ƙauye ya farfaɗo. Sai dai matarsa Gude, wadda ta tashi a gidan 'yan koli, ta kasa haƙuri.

Ta ce, "Maigida, kai dai harbi ka iya. Wa ya taɓa sayen hatsi a shafe masa ƙwarya ƙwal, ko ɗan gyara babu? Cutarka suke yi. Mako mai zuwa da ni za a je."

Ya faɗa mata gargaɗin tsohuwa. Ta yi alkawarin kame bakinta, kuma har zuciyarta ta yi nufin cikawa. To amma da suka je kasuwar, ta ga an shafe bakin ƙwarya, harshenta ya riga ta.

"Haba Iya, gyara fa?"

Kasuwa ta yi tsit. Mahauta suka tsaya da wuƙa a sama. Duk fuskokin nan rufaffu suka juyo wajenta.

Tsohuwa ta damƙi gero ta zuba a kan awon, a hankali. Ta ce, "Ga gyaranki, 'yar nan. Mu ma sai a yi mana namu. Kun kawo nama ku biyu, ɗayanku zai zauna a nan, ya zama gyara a kai."

Gude ta dubi ƙasa, ta ga inuwarta tana ja da baya, tana tafiya wajen tsohuwa. Tunau ya sauke baka da kwari, ya taka inuwar da ƙafarsa.

Ya ce, "Ni na harbo naman, Iya. Gyaran daga wurina zai fito."

Ya ɗora wa matarsa hatsin a ka, ya ce ta tafi kada ta waiwaya. Ta isa gida ita kaɗai.

Da maza suka bi ta zuwa kwarin washegari, sai suka tarar da rumfuna babu kowa, hatsi na nan tuli, bakan Tunau yana rataye a jikin kukar. Suka kwashi hatsin suka ci, suka yi iri da saura, daga baya suka taso da ƙauyen gaba ɗaya suka zauna a wurin. Gude ce ta fara kafa awo a gindin kukar, kuma a nan ta tsufa, tana duban fuskar duk dogon mutumin da ya zo saye.

Garin shi ne Kukar Tunau. Baƙi masu zuwa ganin duwatsun ana kai su gindin kukar tukuna. Kasuwar tana ci ranar Alhamis. Idan rana ta take tsaka, masu awo sukan kifa ƙwarya su yi shiru na ɗan lokaci. Ana shafe bakin mudu daidai, ba a ba da gyara, ba a kuma nema.