Yatsu Uku a Giɓin Ganuwa

Masu riƙe da labaran dā sun ce an yi wani sarki a Birnin Tafasa mai suna Jatau. Mutum ne mai son a ce da shi adali, amma in za a faɗi gaskiya ya fi son a bar shi ya zauna lafiya. A shekarar da muke magana ruwa ya yi jinkiri. An share gonaki, an fito da iri, an yi roƙon ruwa har muryoyi sun dushe, sama kuwa fes kamar wankakkiyar ƙwarya. Mutum kuma in ya rasa yadda zai yi da sama, sai ya nemi wanda zai huce a kansa a ƙasa. Babban kududdufin gari ba abin da ya rage a cikinsa sai caɓi.

Ganuwar birnin tana da wani tsohon giɓi ta gabas, wanda ba mai rai da ya san lokacin da ya faɗi. Al'adar garin ita ce kowane gida yana da rabonsa na ganuwa da yake gyarawa duk rani, amma wannan wuri ba wanda ya taɓa cewa nasa ne. Da ma abin da ba na kowa ba na kowa ne, sai mata masu itace da awaki suka mayar da shi ƙofa.

Wata safiya aka ga mutum biyu a giɓin suna tonon gindin ganuwa. Ba tsagar Tafasawa a fuskokinsu, tufafinsu irin na mutanen kurmi, Hausarsu kuma a karkace. Ga shi sun ɗebi caɓin kududdufi, ɗan abin da dabbobi ke lasa. Wani ya ce baƙi ne. Na bayansa ya ce 'yan leƙen asiri ne. Kafin maganar ta isa kasuwa ta zama wai an kama matsafan da suka ɗaure ruwa suna binne layu. Gwadabe Sarkin Pawa ya jawo gari da sanduna da duwatsu, har da waɗanda ba su san dalilin gudun ba. Babban cikin mutanen nan biyu bai sake tashi daga inda ya faɗi ba. Ƙaramin kuwa da ƙyar dogarai suka fizge shi suka kai fada, jini ya rufe masa ido.

Jama'a suka cika ƙofar fada suna cewa a ba su shi su ƙarasa, ai baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Sarki Jatau ya aika a ce musu su saurara zuwa la'asar, ya shige cikin gida ya zauna ƙarƙashin tsohuwar tsamiyar da ke tsakar fada. Ba shawara ya shiga yi ba, ya riga ya yanke zai miƙa musu shi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, mutumin nan kuma ba shi da dangin da za su zo neman jininsa. Kawai dai yana jiran zuciyarsa ta daina yi masa nauyi.

Yana nan sai ya ji fuka-fuki a sama. Shamuwa ce ta sauka a reshe, ta farko da aka gani a wannan shekara. Ta dube shi, Allah Mai ikon buɗe bakin abin da ya so ya buɗe bakinta, ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Na ji ana kashe baƙi a garin nan, shi ya sa na kawo kaina. Ni ma yau na iso daga kudu, da ƙurar wata ƙasa a jikina."

Sarki ya yi ta'awizi, ya yi salati, tsuntsuwar ba ta ɓace ba. Sai ya ce mata ai ita ba baƙuwa ba ce, kowa ya san a kan tsamiyar nan aka ƙyanƙyashe ta.

Shamuwa ta ce, "Wa ya tsaya shaida ranar da na fasa ƙwai? Kun yarda ne don kuna sa ran ruwa a bayana. Ina jiye maka tsoron abin da ya sami Korau, maigarin Kwarin Gawo."

Sarki ya ce, "Me ya same shi?"

Shamuwa ta gyara tsayuwa ta ce:

A kan hanyarmu ta zuwa nan akwai wani gari da muke yada zango, ana ce masa Kwarin Gawo. Gari ne mai albarka, da rijiya guda mai daɗin ruwa a tsakiyarsa. Wata shekara rijiyar ta ja baya. Maimakon a yashe ta, sai aka ce baƙi ne suka yi yawa suna shanye ruwan. Maigari Korau ya ga wannan magana ta fi yasar rijiya sauƙi, ya bar samari suka kori duk wanda ya zo garin da ƙafarsa. Waɗanda suka tsaya gardama aka ƙone musu bukkoki. Ruwa bai ƙaru ba. Sai aka ce ashe ba a tsarkake garin sosai ba, a kori waɗanda iyayensu ne suka zo.

A cikin waɗannan akwai wani dattijo mai ɗiban zuma, Tunau, wanda a garin aka binne cibiyarsa. Da aka zo fitar da shi bai yi musu ba. Ya ɗaure kayansa, ya biya ta ƙofar Maigari ya ce ya zo sallama, kuma yana so ya bar masa labarin wata amya, don ba shi da abin da ya fi shi daraja da zai bari. Korau ya ce ya faɗa ya wuce.

Tunau ya ce:

Akwai wata amya da na rataya a kan gawo, wadda ƙudan zumanta suka fi na kowa yawa. Ka san ƙudan zuma suna da masu tsaron ƙofa, duk wanda ya dawo sai sun sansana shi, in sun ji warin gida su bar shi ya shiga. Aka yi shekarar fari, furannin kusa suka bushe. Raggwayen ƙuda suka riƙa zagaya gindin bishiya suna dawowa ciki wayam, ana sansana su a ji warin gida, a ce maraba. Jarumawan kuwa suka nausa can nesa, inda ba wanda ya taɓa zuwa, suka tarar da wani fure da ba a sani ba a ƙasarmu, suka cika cikkunansu suka juyo. Da suka iso ƙofa masu tsaro suka ji baƙon ƙamshi. Na gaba ya ce musu, "'Yan'uwana, a saƙar nan aka haife ni. Ƙamshin da kuke ji na abin da na ɗauko muku ne." Ba su saurara ba, suka harbe shi, suka harbe na bayansa, suna ta murna sun tsare gida. Da na hau ɗiba na tarar da amyar ba ɗigon zuma, ƙudan sun mutu da yunwa. Da na sauko na duba gindin gawon, sai ga gawarwakin waɗanda aka harbe a tule, tururuwa na shan zuma daga cikkunansu. Maigari, wanda ya fi yi wa gida nisan tafiya shi ya fi dawowa da warin waje.

Shamuwa ta ci gaba ta ce: Korau ya yi dariya ya ce zancen tsofaffi ne. Tunau ya ɗauki sandarsa ya tafi. Bayan masu iyaye aka koma kan masu kakanni, maƙeri ya tafi, ungozoma ta tafi, mai yasar rijiyar ma ya tafi. Ana nan sai wata tsohuwa ta tuna cewa uwar Korau daga ƙetaren kogi aka auro ta. Samarin da ya sake wa linzami su suka raka shi bakin gari da jifa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Mu shamuwa ba ma yin sheƙa sai inda mutane suke, yanzu kuwa in mun zo Kwarin Gawo wucewa muke yi. Na leƙa rijiyar a bara, ta cika har baki, ba mai sha sai kwaɗi.

Daga waje ana jin hayaniyar jama'a tana ƙaruwa. Can shamuwa ta ce, "Mutumin da za ka miƙa musu, me ya ce yana yi a gindin ganuwa?"

Sai a lokacin Sarki Jatau ya lura cewa tun safe, daga mai sanda har mai rawani, ba wanda ya tambayi mutumin. Kunya ta rufe shi. Ya tashi da kansa ya tafi inda aka ajiye mutumin, ya sa aka wanke masa fuska aka ba shi ruwa.

Mutumin ya ce sunansa Anaruwa, wanda aka kashe kuma wansa ne, Nomau. Kakan kakansu Batafashe ne, ɗan wannan birni, ya bi fatake zuwa Gwanja fataucin goro, aure da haihuwa suka riƙe shi a can. Tun daga kansa kowane uba in zai mutu sai ya gaya wa 'ya'yansa cewa gidansu na da rabon ganuwa a Birnin Tafasa, daga kukar gabas zuwa tsohuwar marina, kuma abin kunya ne a ce yana zube. Kowa ya ce zai zo, mutuwa ta riga shi. Su ne Allah ya nufa suka iso. Sarki ya tambaye shi me ya hana su fara zuwa fada su gabatar da kansu.

Anaruwa ya ce, "Ranka ya daɗe, kunya muka ji. Wana ya ce da wace fuska za mu ce mu 'yan gari ne alhali giɓinmu na buɗe? Ya ce mu toshe shi tukuna, sannan mu zo mu ce ga mu mun dawo."

Sarki ya sa alkyabbarsa, ya kama hannun Anaruwa, ya fito ta tsakiyar jama'a da ƙafa. Mutane suka dare don mamaki, suka bi shi har giɓin. Gawar Nomau na nan an rufa mata tabarma. Kusa da ita ga sababbin tubala jere suna shan rana, kowane ɗaya da shatar yatsu uku a gefensa. Wani daga cikin taro ya ce ga tsafin nan, don Tafasawa sumul suke yin tubalinsu. Anaruwa ya ce ba tsafi ba ne, haka ubansu ya koya musu, kuma tonon da suka yi neman tsohon tushe ne don su ɗora a kansa.

Sarki ya sauka cikin ramin, abin da ba a taɓa ganin sarki ya yi ba. Ya share ƙasa da hannunsa. Tubalan da magabata suka kafa birnin a kansu suka bayyana, baƙi ƙirin don tsufa, kowane ɗaya da shatar yatsu uku. Ya sa aka tona gaba kaɗan, ƙarƙashin rabon gidan Sarkin Pawa, nan ma haka. Aka tona ƙarƙashin rabon gidan sarauta, nan ma haka. Waɗanda suka zauna a gida sun manta, waɗanda suka tafi ne suka riƙe.

Sandar Gwadabe ta faɗi daga hannunsa. Ya durƙusa ya ce, "Wallahi, ranka ya daɗe, da mun san ɗan gari ne da ba mu taɓa shi ba."

Sarki ya ji kamar an ɗan sauke masa kaya, don yana ganin magana ta ƙare ke nan. Sai ya ɗaga kai ya ga shamuwa a kan kukar gabas. Ta ce, da muryar da duk wanda ke wurin ya ji, "Ka ji abin da ya ce, Sarki? Da ba a sami yatsun ba fa?"

Sarki Jatau ya daɗe yana duban tabarmar da ke rufe da Nomau. Sannan ya ce, "Na ji, na kuma karɓa. Da ba a same su ba, da na miƙa shi, da kuma na ci tuwona na yi barci. Wannan ita ce kunyar da ta fi giɓin nan girma." Ya juya ga jama'a ya ce jinin Nomau zai je gaban alƙali, kuma ba don ɗan gari ne ba, don mutum ne. Ya ce daga yau duk wanda ya shigo birninsa, da tsaga ko ba tsaga, za a tambaye shi abin da ya yi, ba inda aka binne cibiyarsa ba. Ya ce a yi wa mamacin sutura a kai shi makwancin kakanninsa, shi Sarki zai kama makara.

Shamuwa ta tashi ta nufi tsamiyar fada, ba a sake jin ta yi magana ba. Kafin a gama haɗa makara gabas ta yi duhu, iska mai sanyi ta taso, ɗigon farko ya faɗo a kan ƙura. Ruwan da aka yi ta kuka a kansa ya zo, amma ba macen da ta iya yin guɗa.

Anaruwa ya dubi tubalan da ba su gama bushewa ba, ya ce a hankali, "Yatsun wana ne. Ruwa zai shafe su."

Sarki Jatau ya cire alkyabbarsa ya shimfiɗa a kansu. Ya tsaya a gefe ruwa na dukansa, yana danne bakin alkyabbar da ƙafarsa don kada iska ta yaye.